Wasiƙa zuwa ga taubashina a Dogon Dutsi

  Bawana, saƙonka na neman kuɗin shara, kyautar nan ta taubasai, ya iso, za mu zo kansa. Ka fara sauraron abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ka daure ka karanta har ƙarshe, don na san ka da barci a kan takarda.

A nan Faransa, masu hali suna haƙa tafkin wanka a bayan gida, su shafe shi da siminti, su cika shi da ruwan pampo. Mai irin wannan tafki, in zafi ya shigo, yakan ɗebi ruwan a ɗan akwatin roba mai gani-garau, ya jefa ƙwayar da ake kira DPD. In akwai maganin kulorin a ruwan, sai ya yi ja-ja, a gwada jan da launukan da ke jikin akwatin. Ana son a samu aƙalla miligiram 1 a kowace lita, ana kuma duba tsamin ruwan, a tsayar da shi tsakanin 7.2 da 7.8, domin in lambar awon ta haura haka ƙarfin maganin yana raguwa. Na san kana dariya, kana cewa mutanen nan sun rasa aikin yi. Yi dariyarka, amma ruwan nan na wanka ne, ba sa shan sa, kuma duk da haka ba su yarda da zato ba. Mu da muke shan namu, mu ba jarirai, mu dama fura da shi, mu ya fi cancanta mu auna.

Dalili shi ne kulorin ƙarewa yake yi. Da an zuba shi, sai ya shiga yaƙi da duk dattin da ya tarar, abin da ya rage bayan nan shi ne ke tsaron ruwan. Rana tana cinye shi, zafi yana cinye shi, bido mai gansakuka a ciki yana cinye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu ragowar miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, kada kuma ya gaza 0.2 a inda ake ɗiba. Ido ba ya ganin wannan. Shi ya sa ma'aikatan agaji, in kwalara ta ɓarke, suke yawo da ainihin ɗan akwatin nan na masu tafkin wanka, suna auna ruwan rijiya da na bido. Ba ka manta da 2021 ba, shekarar da amai da zawo ya kama dubban mutane a Nijar, ya taɓa Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya shigo har jihar Doso.

Za ka ce ruwan pampo da na rijiyar burtsatse mai tsabta ne tun daga tushe. Sau da yawa haka ne, ban musa ba. Amma bi shi a hanya: daga pampo zuwa bidon ɗan garuwa, daga nan zuwa randa, sai moɗa guda da yaro ya yar a ƙasa, wani ya ɗauka ya tsoma. Ruwan da ya fito lafiya yana iya lalacewa a tsakar gida, kuma ragowar maganin nan ita kaɗai ce ke biye da shi har randa. Ga kuma garuruwan cikin Dallol Mauri, ta wajen Kore Mai Ruwa da Gesheme, inda ruwa yake kusa da doron ƙasa. Albarka ce ga masu lambu, sai dai da damina abin da malale ya kwaso daga salga da turke ba ya wahalar isa rijiyar da ba ta da murfi.

Za ka ce kuma kakanninmu na Matankari da Lugu sun sha haka sun tsufa. Waɗanda suka tsufa su muka gani. Tambayi tsofaffin mata yara nawa zawo ya ɗauke kafin yaye. Turawan ma sun sha wannan azaba: kwalara ta yi ɓarna a Landan a 1854, kuma sai a 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara sa kulorin a ruwan gari kullum.

Ƙorafin wari shi ne na fi ɗauka da muhimmanci, domin in Inna ta ce ruwa yana warin jabel, wato ruwan kulorin na wanki, ba mai sa ta sha. To, awo ne maganin wannan ma. Mai zubawa da ka, yau ya cika, gobe ya gaza. In ya cika a ƙi ruwan a koma tafki, in ya gaza a sha da kwanciyar hankali alhali ba kariya. Ƙwayar kulorin ta Aquatabs tana da adadin litar da aka rubuta mata, a bi shi. Ruwa mai laka kuwa a fara sa masa alif ya kwanta, a tace, sannan a sa magani. Kuma kulorin ba ya kashe kowace ƙwayar cuta, don haka murfin randa da wanke hannu suna nan daram.

Batun tsada, ban ce kowane gida ya sayi akwatin ba. Guda ya ishi kwamitin pampon unguwa, ko gidan likita, ko ƙungiyar 'yan garuwa, in akwai mutum ɗaya da zai riƙa aunawa yana rubutawa. Kai ne mutumin, tunda zaman majalisa bai bar maka wani aiki da safe ba. Kuɗin shararka na bana akwatin awo ne da ƙwayoyinsa, zan aiko ta hannun mai zuwa Yamai. Ka kai wa ma'aikacin tsabta na gidan likita ya nuna maka yadda ake karanta launin, ka adana ƙwayoyin inda ba laima, kuma kada ka haɗiye su, ba alewa ba ce.



Ubangidanka na Faransa.