Sannunmu da Tausayi

Duk wanda ya ce ba mu san darajar nakasasshe ba, bai taɓa zuwa Garki ta Jigawa ranar Juma'a ba. Ya zo ya kashe kwarkwatar idonsa. Tun kafin ladan ya yi kiran farko an riga an jeru a bakin masallaci: makafi da 'yan jagorarsu a dama, guragu kan kekunansu a hagu, kutare can gefe inda inuwa ta ƙare. Mu kuma masu ido da ƙafa mu fito cikin manyan riguna, kowa da 'yan canjin da ya tanada tun daren Alhamis. Ka jefa naira hamsin a ƙoƙo, a yi maka addu'ar da ta haɗa da iyayenka da 'ya'yanka da kasuwarka. A wace kasuwa ake samun irin wannan riba? Ko dillalan shanu na Maigatari ba su taɓa cin ta ba.

Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da za mu yaba wa kanmu, tunda babu mai yaba mana. Mun gina tsari mai kyau wanda kowa ya san matsayinsa. Nakasasshe shi ne asusun ajiyar ladanmu, kuma mai hankali ba ya wasa da asusunsa. Idan ka bar gurgu ya yi karatu ya samu aiki, ranar da ka yi mummunan mafarki wa za ka kai wa sadakar ƙosai? Idan makaho ya zama malamin makaranta, wa zai yi maka addu'a ranar da kake jiran sakamakon kwangila? An ce sadaka maganin masifa. To, mai magani ai ba ya yarda kantinsa ya ƙone.

Akwai wani abokina da muka tashi tare, shan inna ya kama shi tun yana rarrafe. Yaron nan bai da kunya ko kaɗan. Maimakon ya karɓi ƙoƙon da al'umma ta tanadar masa, sai ya nace wa boko, yana jan jiki cikin rairayi zuwa firamare, har ya kai ga samun takardar shaidar malanta. Wata rana ya saka farar shaddarsa, ya ɗauki takardunsa cikin leda, ya tafi wani ofis a Dutse neman aiki. Majiya ƙarfi biyu suka ɗaga shi da kekensa suka haye matattakala da shi kamar buhun gero. Yana shiga ya yi sallama. Mai ofishin bai ko ɗago kai sosai ba, ya laluba aljihu ya zaro naira ɗari biyu.

"Ungo, Malam. A yi haƙuri, wata ya yi nisa."

"Ranka ya daɗe, ba bara na zo ba. Takarduna na kawo, na ji ana ɗaukar malamai."

"Ikon Allah! Kai ɗin? To, madalla. Amma ka ga aikin nan akwai tsayuwa a gaban allo. Kada mu wahalar da kai. Riƙe wannan ɗin dai ka sha ruwa."

Ku dubi wannan tausayi, don Allah. Mutum ya hana ka aiki don kada ka gaji, ya kuma ba ka kuɗin ruwa daga aljihunsa. Abokin nawa, da yake butulu ne, har yau idan ya tuna sai ransa ya ɓaci. Wai shi an ci masa mutunci. Ni kuwa na ce masa ya gode wa Allah, wani ofishin ko majiya ƙarfin da za su ɗaga shi ba zai samu ba.

Tunda an ambaci matattakala, bari in yi mata jinjina ta musamman, domin ita ce ma'aikaciyar da ta fi kowa riƙon amana a ƙasar nan. Ba ta karɓar albashi, ba ta zuwa hutu, ba ta yajin aiki, ba a ba ta cin hanci. Tana nan a ƙofar banki da asibiti da kotu da makaranta, tana tace masu shiga ba tare da ta ɗaga murya ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Je ka duba: matattakala tana nan daram, ta ga zuwan doka, ta ga cikar wa'adi, ko gezau. Inda aka yi ƙoƙari aka yi wa keke gangare, magini ya miƙe shi tsaye kamar duwatsun da suka ba Dutse sunanta, har mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Idan kuwa Allah ya taimaki gurgu ya kai ƙarshensa, sai ya tarar ƙofar wannan ɓangaren a kulle, mai makullin ya tafi cin abinci.

Dokar nan fa kyakkyawa ce, kada a ce na raina ta. Ta ce a ware wa nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta ce wanda ya nuna musu bambanci zai biya tarar naira 100,000 ko ya yi wata 6 a gidan yari, ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan 1. Ta ce a ba su gaba a layi. Ta hana a yi amfani da su wajen bara. A 2020 aka kafa hukumar nakasassu ta ƙasa don ta kula da wannan duka. Jigawa ma ba a bar ta a baya ba, ta yi tata dokar a zamanin Gwamna Badaru tun kafin ta Tarayya ta fito. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda muke tattalin waɗannan dokoki. Mun ajiye su kamar kwanukan jeren amarya, a goge, a jere, ba a cin abinci a ciki don kada su tsufa. Mai karatu, a unguwarku wa ka sani da ya taɓa biyan wannan tara?

A 2007 Gwamna Sule Lamido ya fara biyan nakasassu naira 7,000 duk wata, kimanin mutum 150 a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 27 na jihar. A ba kowa haƙƙinsa: a lokacin kuɗin ya fi mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda yake naira 5,500, kuma ya raba gidaje da dama da yunwa. Sai muka nuna wata baiwar tamu, wato riƙon al'ada. Mafi ƙarancin albashi ya koma 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, alawus ɗin nakasasshe kuwa duk tsawon wannan lokaci ya tsaya a 7,000 ɗinsa kamar an kafa shi da ƙusa. Mun san cikin gurgu ba ya jin tashin farashin gero. Shi kuma na ɗari da hamsin da ɗaya a ƙaramar hukumar Garki, wanda sunansa bai shiga takarda ba, an bar masa babban rabo, wato haƙuri.

Kada wani ya tambaye ni su nawa ne gaba ɗaya. Wannan tambayar rashin ladabi ce. Garki gari ne da ya san ƙidaya. Daga 1969 zuwa 1976, lokacin muna cikin Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi zango a nan tana binciken zazzaɓin cizon sauro. An bi ƙauyuka gida gida, an kama sauro an ƙirga, an duba wanda ya sha jini da wanda bai sha ba, an fesa magani a bango, aka buga littafi guda a 1980 mai ɗauke da sunan Garki, wanda masana ke karantawa har gobe. Sauron Garki ya shiga tarihin duniya. Ɗan Adam kuwa, rabon da a ƙirga shi a Najeriya tun 2006. Kurman da aka haifa bayan wannan ƙidaya yau ya isa aure, kuma babu takardar da ta san da zamansa. Wannan ma rufin asiri ne. Abin da ba a ƙirga ba ai ba ya cin kasafin kuɗi.

Mun ma taimaka wajen ganin layin bakin masallaci bai yanke ba. A 2003, da aka ce ɗigon rigakafin shan inna makirci ne, sai aka dakatar da shi a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta dawo ba sai a 2004. Iyaye suka ɓoye 'ya'ya a bayan rumbu. Da ƙafafu suka shanye muka ce Inna ce ta sha, muka yi mata turare. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta bar Afirka. Yaran wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata, kuma mun karɓe su hannu bibbiyu, mun ba kowannensu wuri a bakin titi.

Ta fannin harshe kuwa babu wanda ya kai mu ladabi. Yanzu a taro ba a cewa gurgu ko makaho, sai "masu buƙata ta musamman". Suna ya canza, an yi tafi, matattakala ta yi murmushi. Da an fito daga taron sai ka ji mai jawabin yana cewa abokin hamayyarsa ya kawo gurguwar shawara, magoya bayansa kuma suna yi masa makauniyar biyayya. Direba ya yi kuskure a hanya, a leƙo ta taga a tambaye shi ko shi makaho ne. Yaron da ba ya ji a aji, malam ya yi ta dukansa shekara uku yana kiransa daƙiƙi kafin wani ya lura kunne ne. Kurame sun daɗe da maganar hannu tasu, cikakkiya, da ake ciniki da faɗa da zance da ita. Mu da muke da baki da kunne ba mu ga dalilin koyonta ba. Kurma mai ciki ta je awo, babu tafinta, a yi ta ɗaga mata murya kamar ƙarar ce ta yi kaɗan, ta koma gida da maganin da ba ta san sau nawa za ta sha ba. Allah dai ya kiyaye, kuma yana kiyayewa.

Haka muke a zancen aure. Muna son gurgu ƙwarai, muna cin abinci da shi, muna kiransa ɗan'uwa. Ranar da ya aiko neman 'yarmu sai mu tuna an riga an yi mata miji tun tana goye. Sai dai fa in yana da kuɗi, don kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Kakanninmu sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare domin su sami bakin magana a fada. Mu da muka fi su wayewa mun gane amfanin sarautar: ranar rabon shinkafar azumi a kira su, ranar rabon kujeru a manta lambar wayarsu. Ranar 3 ga Disamba kuma, ranar nakasassu ta duniya, a jera kekuna ashirin a rana, a kira masu ɗaukar hoto talatin, mai girma ya dafa kafaɗar gurgu ya yi murmushi. Keken ya lalace bayan wata huɗu a cikin yashi, hoton yana nan a Facebook sabo fil.

Abin haushin shi ne mutanen nan ba sa taya mu rufa wa kanmu asiri. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, ƙartin da muka tura masu cikakkun gaɓoɓi sun dawo ko lambar tagulla babu. Nakasassunmu suka je nasu wasan a birni guda suka kwaso lambobi 13, shida na zinare. A Rio a 2016 masu lafiya suka samo tagulla ɗaya tal, nakasassu suka zo da zinare 8. Wannan ai cin fuska ne. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya tsara Imfiraji da malaman jami'a ke nazari har yau. Mun girmama shi yadda muka iya: mun bar wa makafi waƙarsa su riƙa rerawa a ƙofar gidajenmu suna jiran ragowar tuwo.

Malamanmu kuma suna karanta mana Suratu Abasa, muna kaɗa kai. Mun san saboda makaho aka saukar da farkonta, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zo neman ilimi ba neman sadaka ba. Mun san ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma an sha bar masa Madina ya ja mutane salla idan an fita. Sai mu shafa addu'a, mu fito ta kan matattakala bakwai, mu wuce gurgun da ya yi sallarsa a waje cikin rana saboda an ce tayar kekensa za ta ɓata kafet.

Nakasassu suna da wata magana da suke yawan faɗa, wai nakasa ba kasawa ba ce. Gaskiyarsu. Kasawar tana wajenmu, mun dai yi mata rawani mun sa mata suna tausayi.

Saboda haka, jama'a, a ci gaba da gashi. A ƙara wa matattakala tsawo, a sa mata tayil mai santsi. Sai dai ga tunatarwa ga mai gini: shan inna ya ja da baya, amma hanyar Gumel zuwa Kano tana nan da motocinta, hawan jini yana shanye ɓarin jiki, ciwon suga yana cin ƙafa da ido, tsufa kuma bai taɓa neman izinin kowa ba. Yawancin waɗanda ke zaune a bakin masallaci ba su san za su zauna a can ba. Juma'a mai zuwa, kafin ka jefa hamsin ɗinka a ƙoƙo, tsaya ka ƙirga matattakalar masallacinku, ka tambayi kanka wa zai ɗaga ka ranar da ƙafarka ta ƙi.