Wasiƙar Auta Daga Ƙasar Da Ake Aika Sautu Ta Wuta

Zuwa ga Yaya da dukan mutanen gida a Wurno,

Autanku yana gaishe ku daga Guangzhou, gaisuwa mai yawa. Lafiyarsa lau, kaya sun hau jirgi. Idan an gama karanta wa Inna wannan takarda, a ba direba ya kai wa Gwaggo a Rabah, daga nan ta wuce wurin Kawu a Goronyo, domin kowa yana da kaso a ciki.

Babban labari shi ne Auta ya koma ɗalibi. Ya fara koyon tatsuniyoyin Sinawa da bautar gargajiyar da suka gada. Tun daga nan yana jiyo salatin Inna: "Mi yak kai ka, ɗan nan?" Inna, ki kwantar da hankalinki. Sallarsa tana nan daram, Juma'a ma ba ta wuce shi. Yana yin ta a masallacin da ke jikin kabarin da Musulmin ƙasar nan suke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, ko da yake malaman tarihi sun tafi a kan cewa a Madina aka binne sahabin. Kasuwa ce ta ja shi ga wannan karatu. A shaguna da yawa yakan ga wani ɗan jan allo a ƙasa daga bakin ƙofa, da turaren tsinke da lemo a gabansa, a ciki kuma ga mutum-mutumin wani jarumi mai jar fuska da dogon gemu. Mutumin da kake ba amanar dukiyarka, ya kamata ka san abin da yake tsoro da abin da yake girmamawa.

Tambaya ce ta kai shi wani lungu a tsohon gari, shagon wani dattijo da ya zama malaminsa, suna hira ta manhajar fassara a waya. Yaya, gyara zama. Dattijon nan kuɗi yake sayarwa, dami-dami, kuma masu saya ƙonawa suke yi.

Sinawa da yawa sun ɗauka cewa mamaci yana da buƙata a can kamar yadda yake da ita a nan: cefane, sutura, ɗan abin ba masu tsaron ƙofa. Hanyar aika masa ita ce wuta. Ana buga takardu masu kama da kuɗi, da hoton Sarkin Sama a jiki da sunan bankin lahira, dangi su saya su cinna musu ashana. Hayaƙi na tashi, saƙo ya isa. An fi yin haka a lokuta biyu. Akwai Qingming, ranar 4 ko 5 ga Afrilu, wadda gwamnati ta mayar ranar hutu tun 2008, inda iyalai ke fita share kaburburan iyaye. Sai tsakiyar wata na bakwai a kalandarsu ta wata, lokacin da suke cewa ƙofar lahira tana buɗewa, fatalwoyi marasa dangi su fito yawo da yunwa. Su ma akan ƙona musu nasu a bakin hanya, don kada su tafi hannu rabbana.

Kawu, wannan sashe naka ne. Takarda guda a shagon nan tana ɗauke da sifiri takwas, wata tara. Kai da kake ƙirga kuɗin albasa sau uku bayan isha, ka tashi da asuba ka sake ƙirgawa ko sun haihu, da an ajiye maka dami ɗaya da sai damina ta faɗi ta ɗauke kana nan kana lasar yatsa. Auta ya rantse da mutanen Goronyo sun yi cigiyarka a rediyo.

Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Kun tuna jerin sautun da kuka cusa wa Auta a aljihu ranar tafiya, wanda ya fi takardar lefe tsawo? Duk ya same shi a shago ɗaya. Babur ɗin Yaya yana nan, ja, har da madubi. Akwai abin da ya fi keken ɗinkin Gwaggo: gida mai bene, da mota da direbanta a zaune, da mai gadi a ƙofa wanda ba ya gyangyaɗi. Akwai firji da talabijin. Wayar da yaran gida suka hana shi barci a kanta tana nan sabuwa fil, da cajarta a kwali. Duka na takarda ne, an yi su da kyau har mutum ya so ya taɓa, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na buhunan albasa biyu a kaka ba. Ga sauƙin aikawa: babu kwantena, babu kuɗin fito, babu dako daga Legas zuwa Sakkwato. Ashana ɗaya, kaya sun sauka.

Sharaɗi ɗaya ne tak, sai mai karɓa ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya ja kwananku gaba ɗaya. Saboda haka sai ku ci gaba da haƙuri.

Auta bai bar zancen a nan ba. Ya tambayi dattijon a ina mamaci zai sa cajin, dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce wannan matsalar ta mutanen can ce. Ya sake tambaya: idan kowane gida yana tura biliyoyi kowace shekara, nawa ake sayar da mudun shinkafa a lahirar Sinawa? Dattijon ya ce shi ya sa ake ƙara sifiri. Yaya, kada ka bari Kawu ya ji wannan shi kaɗai. Zai sayi kwali ya zana albasa, ya cika buhu ɗari ya banka musu wuta a bakin dam, sannan ya zauna jiran ciniki. In an tambaye shi ta ina kuɗin za su dawo, zai ce, "Wanga aiki na masu haƙuri na."

Abin da zai ba ku dariya, su kansu Sinawa suna da tatsuniyar da ke cewa ɗan kasuwa ne ya ƙirƙiro al'adar. Tarihi ya san Cai Lun, ma'aikacin fada da ya gabatar wa sarki hanyar yin takarda a shekara ta 105. Tatsuniya kuma ta ce ɗan'uwansa ya kwaikwayi sana'ar bai iya ba, takarda ta yi kwantai. Sai matarsa ta kwanta a akwatin gawa, miji ya zauna yana kuka yana ƙona takardar a gaban maƙwabta. Can sai ga matar ta buga akwati ta tashi, ta ce takardar ta zama kuɗi a lahira, da su aka sallami masu tsaro suka sako ta. Kafin magariba kaya sun ƙare. Gwaggo, ke da kika taɓa sayar da ragon da ke tari kika ce wa mai saya gaisuwa yake yi, a nan kina da 'yar'uwa.

Wannan ƙone-ƙonen ne ya buɗe wa Auta ƙofar sauran karatun, domin ya tambayi dalilin da mamaci zai buƙaci kuɗi. Amsar ita ce, a tunaninsu, sama da lahira hukuma ce mai ofisoshi. Sarkin Sama, Yu Huang, yana bisa karaga. Jan allon bakin ƙofar nan na mai kula da ƙasar wurin ne, wato mai unguwa. Kowane birni yana da hakiminsa na ɓoye, Chenghuang, kuma ɗakin bautar na Guangzhou an gina shi tun 1370. A ƙarƙashin ƙasa akwai kotuna goma da alƙalansu da magatakarda. A garin ribaɗin Sarkin Musulmi Bello ba a ɗaga murya a zancen bori, amma kowa ya san masu bori suna cewa iskoki suna da birninsu, Jangare, da sarki da fadawa. To na Sinawa ya ɗara, don su har ƙarin girma ake yi wa nasu. Jarumin nan mai jar fuska, Guan Yu, mutum ne na gaske, janar da aka kashe wajen shekarar 220. Sarakuna suka yi ta ƙara masa laƙabi ƙarni bayan ƙarni saboda riƙon amanarsa, har 'yan kasuwa suka ɗauke shi majiɓincin ciniki.

Ko madafa ba a bari ba. Akwai Zao Jun, wanda hotonsa ke manne a saman murhu yana kallon abin da gida ke ciki shekara guda. Ran 23 ko 24 ga watan ƙarshe sai ya hau sama kai rahoto. Kafin ya tafi, masu gida su shafa masa zuma ko alewa mai danƙo a leɓe, don ko dai ya faɗi mai daɗi ko bakin ya liƙe, sannan su ƙona hoton ya tashi. Yaya, ka san wadda za a saya wa zuma a gidanmu. Kwalba ɗaya ba za ta isa ba. Kai kuma akwai wata tsohuwa, Meng Po, da suke cewa tana tsaye a bakin gadar lahira tana ba kowa romon da ke shafe duk abin da ya sani. Auta yana zargin ka kurɓi wannan romo tun kana raye, a daidai ranar da ka ranci kuɗin taki.

Ɗan Yaya da ke jami'a ya aiko yana tambayar ta ina ake farawa. Auta ya ce kada ya nemi littafi guda da ya tattara komai, domin babu shi. Koguna uku ne suka haɗu: koyarwar Confucius ta biyayya ga iyaye, da tafarkin Dao, da addinin Buddha da ya shigo daga Indiya a ƙarni na farko, ga kuma camfin ƙauye da ya girme su. Mutum ɗaya yakan ɗebo daga kowanne ba tare da ya ji ya saɓa ba. Ya fara da kalandar bukukuwansu, don kowane biki yana da labari a bayansa. Daga nan ya nemi labarin wani Biri mai suna Sun Wukong, da ke cikin littafin Tafiya Zuwa Yamma mai babi 100, na ƙarni na 16. An gina shi a kan tafiyar gaske ta wani malamin Buddha, Xuanzang, da ya fita neman littattafai a Indiya ya dawo a 645. Akwai wasan talabijin da aka yi da shi a 1986, wanda babu Basinen da bai sani ba. Duk wanda ya bi Birin nan ya ga yadda ya hargitsa fadar sama, ya san rabin masu sarautar. Shi kansa Guangzhou ana masa kirari da birnin raguna biyar, wai wasu bayin sama biyar ne suka sauko a kansu a shekarar yunwa, da zangarniyar shinkafa a bakin kowane rago. Mutum-mutuminsu yana lambun Yuexiu. Manoman fadamar Wurno za su so wannan.

A gaya musu kuma, ƙasar nan ta fi kowace ƙasa noman tafarnuwa a duniya, manya-manya farare tas. Auta ya ɗanɗana, ya gaya wa Sinawa a gaban idonsu cewa ƙwaya ɗaya ta Wurno ta fi dunƙulensu yaji da ƙamshi.

Akwai labari ɗaya da bai ba shi dariya ba. Kawu, kai da ka ga abin da Rima ta yi a ambaliyar 2010, za ka gane shi. Suna cewa a zamanin da ruwa ya cinye ƙasarsu, wani mai suna Gun ya shekara tara yana tare shi da ganuwa, ruwa yana fasawa. Sai ɗansa Yu ya karɓi aikin ya sauya dabara, ya haƙa magudanai ya ba ruwa hanya zuwa teku. Shekara 13 ya yi yana wannan aiki, kuma sau uku yana wucewa ta ƙofar gidansa bai shiga ba, har da ranar da ya jiyo kukan jaririnsa. Sinawa suna koya wa yara wannan a matsayin abin alfahari. Dattijon ya ba da labarin yana ɗaga yatsa, Auta kuwa ya yi shiru. Shi Yu ko ba komai yana ganin ƙofar.

Ranar Qingming ya ga iyalai da tsintsiya da furanni sun cika motoci, jikoki suna riƙe da hannun kakanni, kowa ya nufi kabarin nasa. Auta bai yarda hayaƙi yana kai wa mamaci komai ba, amma ya girmama mutanen da ba su manta da nasu ba, kuma a wannan rana marigayi Baba ne kawai a ransa. Mu an koya mana abin da ke isa: addu'a da sadaka.

Saboda haka, Yaya, kuɗin da suka shigo maka ranar Litinin na gaske ne, kada Kawu ya kusance su da ashana. A cire na maganin Inna. Sauran a sayi shinkafa a dafa wa almajiran malam ranar Juma'a da sunan Baba, ka kuma ɗebi yara ku je maƙabarta ku yi masa addu'a a madadin Auta. Duk mai tahowa nan, a ba shi daddawa da kuka, sannan a sa Inna ta yi magana a waya a turo muryarta, ko faɗa ne.

Wassalam.

Naku,
Auta