Babin Sayen Tsoro da Kuɗi

Magabatanmu, Allah Ya jiƙan su, sun yi fataucin goro da gishiri da kanwa da fata, sun kuma tabbata cewa babu abin da ɗan Adam ba zai sa wa farashi ba muddin ya sami mai saye. Amma da za a ce wa ɗayansu zamani na zuwa da saurayi mai cikakken hankali, wanda ya ci ya ƙoshi, ba kuwa mai bin sa bashi, zai zaro kuɗi daga aljihu ya miƙa wa wani domin a firgita shi, da sai ya ce a kai mai wannan labari wurin malamai a yi masa rubutun sha. To, zamanin ya zo, har ya iso Gaya da Ajingi, inda shagunan gem, waɗanda galibin sana'arsu wasan ƙwallo ne, kan ɗauko wani wasa na daban idan dare ya yi kuma masu ƙwallo sun ragu.

Wasan da nake nufi shi ne Dead Space, wanda kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar a 2008, aka kuma sabunta shi a 2023. Ƙissarsa a taƙaice ita ce, a shekara ta 2508 wani ƙaton kumbo mai suna Ishimura, wanda aikinsa fasa duniyoyi domin haƙar ma'adinai, ya yi shiru, ba a jin ɗuriyarsa, sai aka aika 'yan gyara su duba, cikinsu har da wani injiniya, Isaac Clarke, wanda budurwarsa Nicole ke aikin asibiti a cikin kumbon. Da isarsu suka tarar wata annoba ta kama ma'aikatan, tana juya gawarwaki su zama dodanni masu hannuwa kamar lauje. Daga nan har ƙarshen babi na goma sha biyu, ba abin da ake nema wurin mai wasa illa ya tsira da ransa.

Adalci ya wajabta a fara da alherin abu kafin aibinsa, kuma babban alherin wannan wasa, a ganina, shi ne da ya ɗauko gwarzonsa daga cikin masu sana'ar hannu, bai ɗauko shi daga barikin soja ba. Makamin Isaac na farko ma kayan aiki ne, na yankan ƙarfe da dutse, larura ce ta mai da shi makami. Mutumin Gaya ya fi kowa cancantar ya yaba wannan, domin tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya je da ita Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ke nan tun kafin masu ƙirar wasan a Kalifoniya su yi tunanin haɗa maƙeri da dodo da duhun dare cikin ƙissa guda, mu an riga an haɗa mana. Sai dai akwai saɓani a wajen hukunci. Bayajida kai ya sare, magana ta ƙare, ya kuma auri sarauniya. Dodon Ishimura kuwa, in ka sare masa kai, ƙara fusata yake yi ya taho da gudu. Wajibi ne ka bi gaɓoɓinsa, ƙafa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kana yi kana lissafin harsashi, kuma bayan dukkan wahalar babu wata sarauniya da ke jiranka.

Wannan lissafin harsashi shi ne fa'ida ta biyu, har na so a ce iyaye sun san da ita. Yaron da bai taɓa barin naira ta kwana a aljihunsa ba, za ka gan shi a gaban allo ya zama limamin masu tattali: yana tattaka kowane akwati ko zai sami abin ƙaruwa, yana jinkirta shan magani har sai rai ya kai ga maƙogwaro, yana auna ko ya sayi sulke ko ya ƙara wa makami ƙarfi, yana tsawata wa duk wanda ya ce ya harba sau biyu inda sau ɗaya zai wadatar. Almubazzaranci a wurinsa ya zama babban laifi, matuƙar dai dukiyar ta cikin talabijin ce. Masu ƙirar wasan kuma sun yi hikima da suka ƙi cika allo da rubuce-rubuce, suka sanya ma'aunin lafiyar Isaac a jikin sulkensa, wani haske mai bin ƙashin bayansa, adadin harsashi kuma a jikin makamin, ta yadda ido ba ya samun hujjar barin duhun da ke gabansa.

Amma asalin ƙarfin wasan a kunne yake. An gina shi ne bisa motsin da ba a ga mai yin sa ba, da ƙarar ƙarfe daga nesa, da numfashin Isaac a cikin kwalkwali, da wuraren da babu iska inda sauti ke dusashewa har dodo ya iso bayanka ba ka ji takunsa ba. Duk wannan kuwa yana da sharaɗi guda, wanda in babu shi aikin ya ɓaci, wato kaɗaici. A nan ne masu ƙirar suka yi babban kuskurensu, domin ba su yi shawara da kowa a ƙasar Hausa ba, inda mutum ba ya cin tuwo shi kaɗai, ba ya jinya shi kaɗai, ba ya ko gyaran tayar babur ba tare da mutum biyar sun tsaya suna nuna masa inda ƙusa ta shiga ba, balle a bar shi ya ji tsoro shi kaɗai.

Da zarar mutum guda ya biya ya karɓi hannun gem, sai benci ya cika, taga ta cika, na bakin ƙofa su yi ɗage. Ba wanda ya ba da ko sisi, amma kowa mufti ne. “Yaya, kada ka buɗe ƙofar nan, wallahi akwai abu a ciki.” “Kai ɗan'uwa, ƙafa ake harbi, ƙafa!” “Bar shi ya shiga mana, ai a nan ya mutu jiya.” Ga janareta na ruri a bayan shago, ga mai shayi na kiran wanda bai biya ba, ga wayar wani na kiɗa, dodon da injiniyoyin sauti suka ɓata watanni suna shirya masa yadda zai faɗo daga bututun iska ba zato, kafin ya faɗo an riga an yi shelar zuwansa sau uku, har da bayanin ta wace kusurwa. Ya iso ya tarar ana jiransa da dariya. Akwai kuma wani nau'in ɗan kallo, wanda ya fi duka cutarwa, shi ne wanda ya taɓa ganin ƙarshen wasan a waya, ya zauna shiru har sai mai wasa ya fara tausayin Isaac da neman budurwarsa, sa'an nan ya yi gyaran murya ya ce, “Allah Sarki, ai yarinyar nan ta rasu tun kafin ya zo.” Gaskiya ya faɗa, haka ƙissar take, amma ba kowace gaskiya ce ake neman ladan faɗarta ba.

Ban ce wasan ba shi da aibin kansa ba. Isaac, duk da iliminsa, ɗan aike ne kawai: abokan tafiyarsa biyu, Hammond da Kendra, suna can wani wuri suna ba shi umarni ta na'ura, je ka gyara jirgin ƙasan cikin kumbo, je ka tayar da inji, je ka tsarkake iska, yana gama wannan wancan ya lalace, shi kuwa a fitowar 2008 ko uffan ba ya cewa, tamkar sabon yaron shago a gaban maigida. Sai a sabuntawar 2023 aka ba shi baki. Akwai wurin da ake zaunar da shi a kan igwa ya harbi duwatsun sararin sama, wanda kusan an yi ijma'i a kan cewa azaba ce marar dalili, shi ya sa masu sabuntawar suka sauya shi. Sa'an nan dabarar dodannin ba ta da yawa. Bayan 'yan babuka mai wasa ya gane cewa duk gawar da ta kwanta lafiya lau a tsakiyar hanya ƙarya take yi, duk ɗakin da aka cika da magani da harsashi kuwa alama ce ta masifa a ɗaki na gaba. Tsoron da aka san lokacin zuwansa ya zama aiki.

Wani zai tambaya ko wannan horo yana ƙara wa samarinmu jarumta. Abin da ya bayyana shi ne, gwarzon da ya kwashe dare yana sassare dodanni a bayan taurari, in aka tashi shago zai bi hanyar da ta ratsa gefen maƙabarta, sai ka ji yana ce wa ƙaninsa, “Zo mu tafi tare, kada ka ji tsoro kai kaɗai,” ya kuma ba yaron tocila ya sa shi gaba. In akuya ta yi tari a bayan danga, za a ga wanda ya fi sauri a cikinsu.

Saura mas'alar mai shago, wanda shi ne kaɗai ke jin tsoro na haƙiƙa a cikin wannan lamari, domin shi ke sayen fetur. A wasan ƙwallo mutum biyu ke zama, cikin 'yan mintuna an ci wani, ya tashi cikin fushi ya sake biya domin ramuwa. A wannan kuwa mutum guda ne ke riƙe da na'ura, yana tafiya sannu-sannu, yana leƙa kowane lungu, yana tsayawa a bakin ƙofa yana shawara da zuciyarsa, alhali inji na shan mai, shago kuma cike da jama'ar da ba ta kawo komai ba sai fatawa. Na ji an ce wani mai shago ya taɓa yanke hukuncin cewa daga ranar duk mai kallo zai ba da wani abu, ko yaya yake. 'Yan kallon suka saurare shi cikin ladabi har ya gama, sa'an nan babbansu ya amsa cewa maganar Malam tana kan hanya, sai dai a fara lissafa musu ladan shawarwarin da suka bayar tun daga babi na ɗaya, a cire kuɗin kallon a ciki, abin da ya saura a kansa kuma ba za su matsa masa ba, yana iya biya bayan girbi.