Iyaye Iri-Iri a Hutun Hunturu

Da an shiga tsakiyar Disamba, makarantun boko sun gama jarrabawar zangon farko, sai a sako yara gida na mako biyu zuwa uku. Daidai lokacin ne iska ke kwaso ƙurar Sahara ta zube mana, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, ruwan randa ya zama abin tsoro da asuba. Yaran da malamai ke riƙe wa mutane tun safe sun dawo hannun masu su, ga sanyi, ga cin abinci ba ƙaƙƙautawa. A nan halin kowane uba da kowace uwa ke fitowa fili.

Hajiya Rigakafi. A wurinta hunturu abokin gaba ne. Tun Nuwamba ta je kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano ta zaɓo gwanjo: rigar sanyi, hular sanyi, safar hannu da ta ƙafa. Kafin yaro ya leƙa tsakar gida sai an mulke shi da man kaɗe, an jibga masa riga uku, ya fito yana tafiya kamar buhun auduga. Atishawa ɗaya ta isa a dafa citta da kanumfari da masoro, kowa ya sha, har wanda bai yi ba. Sai dai a ba ta haƙƙinta: kaskon gawayi ba ya kwana a rufaffen ɗaki a gidanta, don ta san iskar da yake fitarwa ba a ganinta amma tana kisa, ta kuma san hunturu lokacin gobara ne. Tunda ta hana fita, sai ta mai da madafi filin wasa. A kwaɓa fulawa, kowa ya yanka cincin ɗinsa. Na wani ya fito da siffar mota, na wata da siffar da sai ita ta san ko mene ne, rabin kwaɓin kuma ya shige ciki tun bai ga mai ba.

Hedimastan Gida. Shi bai yarda akwai wani abu wai shi hutu ba. Ranar da aka kawo sakamako ya duba ya ga ɗansa ya zo na huɗu, ya ce, "Wanda ya zo na ɗaya aljani ne?" Washegari jadawali ya bayyana a ƙofar falo: Islamiyya da safe, malamin lissafi da hantsi, karatu bayan la'asar. Akwai ma gurbin wasa, minti talatin, kuma dara ce. Ya haƙa ramuka talatin a ƙasa, ya ba kowa 'ya'ya goma sha biyu, ya zauna ya cinye yaro ɗan shekara takwas sau biyar a jere ba tausayi, yana cewa haka ake koyon tunani. Ran da yaron ya fara cin sa kuwa, sai ya tuna ashe lokacin salla ya gabato.

Malam Tarihi. Wannan yana fita da yara, har ya wuce gona da iri. Da hantsi ya loda su a Adaidaita Sahu sai gindin Dutsen Dala. Ana hawa ana haki, shi yana bayanin Barbushe da Tsumburbura. A can sama ya miƙa hannu ya ce, "Ga Gwauron Dutse can," amma hazo ya rufe komai, dole su yarda da maganarsa. Daga nan sai Gidan Makama, a ji labarin Sarki Muhammadu Rumfa da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, sai karofin Ƙofar Mata, a tsaya a ga marina na tsoma yadi a ruwan baba suna ɗagowa yana komawa shuɗi a iska. Da daddare ya tara su ya ce kowa ya faɗi abin da ya ƙaru da shi. Auta ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, raken da muka sha a hanya ya fi na unguwarmu zaƙi." Ransa ya ɓaci, amma ya kwantar da hankalinsa. Bayan shekara ashirin, wannan autan ne zai ja nasa 'ya'yan hawa Dala yana yi musu irin wannan surutu.

Anti Hoto. Ita ma tana fita, amma ba don yara su gani ba, don a gan su. An yi anko, an tafi gidan zu na Audu Bako. Yara na son tsayawa kallon zaki, ita kuma tana son su juya masa baya su kalli waya. "Ku matso! Ku yi murmushi!" Da leɓen da hunturu ya tsaga ake murmushin, har hawaye. Kafin su iso gida hotuna sun cika WhatsApp, dangi na ta "Masha Allah". Ka tambayi yaran launin jimina, sai sun duba hoton.

Baban Ungo-Waya. Nasa gajere ne. Yaro ya buɗe baki, "Ungo waya." Wani ya yi kuka, "Ungo waya." Sai ran da ya ga kuɗin data ya fi na cefane, ko aka aika wa maigidansa na ofis hoton kyanwa, sannan ya fara wa'azi a kan tarbiyyar zamani.

Mai Turawa. Kwana biyu da fara hutu ya auna buhun shinkafa da ido, sai zumunci ya motsa masa. "Zumunci a ƙafa yake. Ku shirya ku je ƙauye ku gaida Kaka." A cusa kaya a jaka, a kai su tasha, a damƙa wa direba amana. Shi a ganinsa ya yi dabara, bai san 'ya'yansa ne suka fi na kowa cin riba ba. Disamba a ƙauye an gama girbi, rumbu cike, ga rake, ga gyaɗa, ga dankali ana binne shi a toka. Kaka na ganin jikanta namiji za ta ce, "Maigida, sai yau? Ina kuɗin cefanena?" Ta harari macen ta ce, "Ke kuma kishiya, me kika zo nema a ɗakina?" Da rana a bi 'yan uwa gona da rafi, da yamma maza su yi langa, 'yan mata su yi gaɗa a dandali. Bayan isha a haɗa karan dawa a hura wuta, a kewaye ta ana jin ɗumi. Kaka ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," a amsa mata baki ɗaya, sai Gizo ya fito da tsamin bakinsa da haɗamarsa, Ƙoƙi na biye da shi tana haƙuri. Wanda ya nemi tatsuniya da rana a ce masa ba a yi. Su dawo birni da kaushi a ƙafa, da karin maganar da uban kansa ya manta, suna kuka wai hutun ya yi kaɗan.

Baban Gobe. Duk cikinsu babu mai kyakkyawar niyya irin tasa. Ranar da aka ba da hutu ya tara yara ya ce, "Bana kam Yankari za mu, in sha Allahu." Ya ba su labarin giwaye, da gwaggon biri masu fizge abinci a hannun baƙi, da ruwan Wikki wanda ɗuminsa ke wajen digiri 31 rani da damina, ana tsananin sanyi mutum ya faɗa ciki ya yi iyo. Yara su kwana suna mafarkin Bauchi. Asabar ta farko mota na wajen bakanike. Ta biyu hazo ya yi yawa, ba a ganin hanya. Ta uku ɗaurin auren ɗan abokin aiki. In 'yar auta ta ce, "Baba, yaushe za mu?" sai ya shafa kanta ya ce, "Ke dai Allah ya kai mu." Ana shiga Janairu kuɗin makaranta ya taso, maganar Yankari ta koma baɗi.

Amma kada a raina shi. Ranar da aka koma aji malama ta ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutu, ɗan Baban Gobe ne ke cika shafi biyu da giwaye da ruwan ɗumi, tsaf yadda ya sha ji shekara da shekaru. Shi ne kuma ke cin maki mafi yawa, har malama ta kira shi gefe ta tambaye shi nawa ne kuɗin shiga.