Iƙirarin Corolla

Malamai sun daɗe da raba al'amura gida biyu, zahiri da baɗini, kuma wannan rabo ya riski har motoci a zamaninmu, kamar yadda na shaida bayan Allah ya hore mini wata Corolla ƙirar 2017, wadda ta baro Amurka, ta biyo ta Kwatano, ta iso Kano da ɗabi'un ƙasarsu. A bayan tambarin da ke hancinta akwai na'urar rada mai auna tazarar abin da ke gaba, a saman gilashi kuma, daf da madubi, akwai kyamara mai lura da layin titi, su biyun kuwa an ba su izini mutlaƙi su taka birki in sun hango haɗari, ba tare da sun shawarci mai motar ba, ko da shi ya biya kuɗin kwastan.

Wata rana wani mai a-daidaita-sahu ya yo baya ba sallama ya ragargaza mini bamba. Aka yi Allah ya kiyaye gaba, na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran jikin mota, wanda in don zahiri ne ba ya da na biyu, ya buga, ya shafe, ya fesa fenti har ta fi da kyau. Ɗan akwatin da ya tarar yana reto a bayan tambari kuwa, sai ya ɗaure shi da waya bisa ijtihadinsa. Da na nuna masa wata fitila mai ruwan ɗorawa da ta ƙi mutuwa a gaban sitiyari, sai ya ce, "Alhaji, wannan ai tsegumi ne irin na motocin Turawa." Ya yanko baƙin salatif ya rufe mata baki.

Ranar Juma'a na ɗauki Kawu za mu ɗaurin aure, yana gaba ya sha babbar riga, ƙwaryar goro a cinya, muna tafe a kan titi fayau, babu mahaluƙi a gabanmu face wata tirela da aka ajiye can gefe, sai motar ta yi ƙara ta dafe birki da kanta, hular Kawu ta yi gaba, goro ya watse har ƙarƙashin kujeru, wani mai babur da ke biye da mu kuma ya zo ya sumbaci fitilar baya. Kawu ya yi salati, ya gyara zama, nan take ya ba da fatawa: motar da ta kwana a kan teku, ba a kuma san wanda ya rasu a cikinta ba, lalle ba ita kaɗai ta sauka daga jirgi ba. Aka turara ta da habbatus-sauda har kujeru suka ɗauki ƙauri, ita kuwa ta ci gaba da ladabtar da ni a gaban kowace mota da aka ajiye a hannun dama.

Daga bisani aka haɗa ni da wani saurayi mai na'urar binciken mota. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya jona ta a wata kafa mai ramuka 16, wadda ya ce tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka, motar kuwa ta shiga iƙirari kamar ɓarawon da ya ga alƙali. Kowane laifi da lambarsa, harafi ɗaya da alƙaluma huɗu: P na inji, B na jiki, C na birki da ƙafafu, U na saɓani tsakanin kwamfutocin cikinta.

"Baba," in ji shi, "idonta ne ya karkace. Karkatar digiri ɗaya kawai, in an kai tazarar mita 100, ta zama kusan mita biyu, wato rabin layin mota. Nata kuwa kwalbati yake kallo."

Sauya maƙalar radar bai ɗauki lokaci ba, saita ta ce ta zama jarrabawa, domin sharuɗɗanta sun kusa kai na sallar Juma'a yawa: daɓe shimfiɗaɗɗe mara gangara, iskar tayoyi daidai, but babu kaya, fili a gaba babu ƙarfe ko ɗaya, sannan a ja igiya a fitar da tsakiyar motar a kafa wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a tazarar da kamfani ya ƙayyade. Wanda ya san garejin Kano ya san cewa neman wurin da babu ƙarfe a cikinsa neman abin da ba a halitta ba ne. Muka ƙare a filin ƙwallon kwando na wata makaranta, yara suka yi mana zobe, kuma duk sa'ad da aiki ya kusa kammala sai akuya ta gifta, a koma farko.

Kawu, wanda ya biyo mu don ya ga ƙarshen bidi'a, ya zura ido har allon ya nuna an gama, ya ji adadin kuɗin da aka caje ni, ya ce wannan ma ai ruƙiyya ce, illa dai tasu ta fi tsada. Sannan ya ja saurayin gefe, ya sassauta murya.

"Yaro, wannan na'ura taka, in an jona ta a jikin mutum, tana faɗin abin da yake ɓoyewa? Akwai wani yaro da ke tsare mini shago."