Masu Juya Akwatin Rubik da Saurin Kowannensu

Akwatin Rubik ɗan dunƙulen roba ne mai fuska shida, kowace fuska da launinta da gidaje tara. Ernő Rubik, malamin zanen gine-gine a Budapest ta ƙasar Hungary, shi ya ƙirƙiro shi a 1974. Ana hargitsa launukan, sannan a yi ta juyawa har kowace fuska ta koma launi ɗaya. A 2010 aka tabbatar da kwamfuta cewa komai hargitsewarsa juyi 20 ya isa. A majalisun samari irin na Tudun Kaya da Karaye da Rogo, inda dara ta riga shi samun wurin zama, masu juya shi iri-iri ne.

Mafi yawa shi ne Mai Hawa-hawa. Yakan gyara hawan ƙasa, sai na tsakiya, sai na sama, kamar magini yana jera tubali. Juyinsa ya haura 100, kuma in hannunsa ya faɗa yakan gama cikin minti ɗaya ko biyu. Idan aka yi masa sallama yana hawa na uku ya kuskura ya amsa, ginin ya rushe. Daga nan ne ake zarginsa da girman kai.

Sai Mahaddaci, mabiyin hanyar CFOP wadda Jessica Fridrich ta yaɗa. Hawan ƙarshe kaɗai yana da jerin juyi 78, wato 57 na daidaita launin sama da 21 na mai da kowace ƙwaya gidanta, duk ya zuba su a ka kamar ɗan tsangaya mai tilawa. Juyinsa bai cika wuce 60 ba, kuma yawancin zakarun duniya wannan hanya suke bi. Ya san Minh Thai ya ci gasar duniya ta farko a 1982 da daƙiƙa 22.95, ya san Max Park ya yi 3.13 a 2023. Nasa lokacin kuwa yana wajen daƙiƙa 40, amma laifin akwatin ne: ƙurar hunturu ta shige shi, bai sha mai ba, kuma da ma ba ainahin ba ne.

Abokin gardamarsa Mai Tsimi, na hanyar da Bafaranshe Gilles Roux ya fito da ita a 2003. Yakan gina rukuni biyu, hagu da dama, ya ƙarasa da murza tsakiya, sau da yawa a ƙasa da juyi 50. Kowane juyi sai ya auna shi kamar mai cefane da kuɗin aro. In Mahaddaci ya riga shi, sai ya ce a ƙirga juyi, agogo ba ya hisabi. A kan wannan shayi ke hucewa.

Mai Fuska Ɗaya kan gyara fari, ya ajiye akwatin farin yana sama, ya ce sauran biyar ai duk hanya ɗaya ce, ya tafi alwala.

Makaniki ya fi kowa tabbacin gamawa. Yakan juya wa jama'a baya, ya ɓalle ƙwayoyin da sukurdireba, ya mai da su bisa launi. Illarsa tana ga ranar da aka kira shi yana tsakiyar aiki ya cusa su kara zube, domin cikin haɗi 12 irin wannan ɗaya ne kawai ke gyaruwa da juyi. Akwatin kan faɗa hannun Mahaddaci, wanda zai kai har sallar isha'i yana maimaita haddarsa, kusurwa ɗaya tana kallonsa a karkace.