Mutanen Gindin Dara

Wasan jera uku ba ya cin jari. Yashi, tsinke, tsakuwa da inuwar dalbejiya, shi ke nan an buɗe fage. Turawa suna da nasu mai gida 9, wanda ake cikawa da X da O. Namu kuwa dara ce, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasa. To amma abin kallon ba a ƙasa yake ba, yana wajen mutanen da suka kewaye ta.

Ga Injiniya nan. Shi ba zai haƙa gurbi da yatsa kamar kowa ba. Sai ya share fili, ya yayyafa ruwa, ya auna da kara, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya yana duba ko layi ya karkace. Kafin ya gama rana ta juya, inuwa ta bar wurin. Kuma da an fara wasa, shi ake fara cinyewa.

Ƙaninsa Ɗan Zamani a Facebook ya gano nasa. Ya sayo fenti, ya wanke duwatsu da sabulu, ya zana musu X da O, ya sa kafinta ya yanko katako, ya ɗauki hoto ya watsa. Ba wanda ya gaya masa cewa wasan gida 9, muddin duka biyun sun iya, canjaras ake tashi kullum. Yara suka gaji, duwatsun suka tafi jifan mangwaro.

Mai Nazari ba sai an daɗe a kansa ba, shi ma ya ishe mu da daɗewa: tsinke a sama, hannu a gemu, har shayi ya huce.

Wanda ya fi ba ni haushi Ɗan Kallo ne. Yana tsaye a bayanka, numfashinsa a ƙeyarka. "Kash! Malam, ka kashe kanka! Da ni ne, nan zan sa." Ka matsa ka ce masa bismilla, sai ya tuna an aike shi kasuwa tun safe.

Sai Alƙali. Kowa ya san jera huɗu ba ci ba ne, amma shi yana da wata doka ta "a garinmu", wadda ba ta fitowa sai ya ga 'ya'yansa sun ragu. Maƙwabcinsa ba ya gardama ko kaɗan, don akwai tsakuwa ta 13 a hannun rigarsa.

Sarkinsu duka shi ne Alhaji Mai Shara. Da ya ga dara za ta ci gida, sai ya kasa kunne: "Kamar kiran salla nake ji." Ya miƙe, ya karkaɗe babbar riga, takalminsa ya bi ta tsakiyar gurabun. "Subhanallahi, ban gani ba!"

Idan kana cin wasa ka ga abokin karawarka ya fara duba agogo, ka ɗauke masa takalmi tukuna.